Sammacin da na miƙa da hannuna

A gida, idan mace ta kai ƙara, masinjan kotu ne ke bin miji da sammaci. Da wannan tunanin na shiga kotu a jihar Washington ta Amurka, bayan zamana da baban yarana ya ƙi daɗi. Ashe a nan mai ƙara ce za ta nemo wanda zai kai.

Kafin nan sai da na cike takardar tsarin riƙon yara, fom mai lamba 140. Ba "uwa ce ke da riƙo" ake rubutawa a tashi ba, yadda muka saba ji a wurin malamai. Komai sai an fayyace: inda yara za su kwana ranakun makaranta, wa zai ɗauko su, ƙarfe nawa, a ina, wa ke da ta cewa kan asibiti da karatu, da yadda za a yi idan an saɓa. A wajen bukukuwa na fi daɗewa. Da farko na sa kwanan watan Sallah na shekarar, sai na tuna duk shekara tana matsowa da kusan kwana 11. Na goge, na rubuta "ranar da masallacinmu ya sanar": ƙaramar Sallah a wurina a shekaru masu lamba cika, babba a wurinsa, wata shekara mu musanya.

Kuskuren sai ya zo a wuri mai sauƙi. Ranar Juma'a ya zo ɗaukar yara, na miƙa masa ambulan a bakin ƙofa. Ya karɓa, bai ce uffan ba. Na zauna ina ƙirga kwana 20 da doka ta ba shi ya mayar da amsa. Da na koma, ma'aikaciyar kotu ta tambaye ni takardar shaidar isarwa, da sunan wanda ya kai. Na ce ni ce. Ta girgiza kai: dole wani ne daban, wanda ya kai shekara 18, ba ɗaya daga cikin masu shari'ar ba. Da ya sa hannu a takardar amincewa cewa ya karɓa, da shi ke nan, amma ban ma san da ita ba a lokacin. Mako uku sun tafi a banza.

Na roƙi mijin wata ƙawata. Ya ce, "Maman Yara, ki yi haƙuri, sahu ɗaya muke sallah da shi." Ban ga laifinsa ba. Na biya wani mai sana'ar kai takardun kotu, ya same shi a wurin ajiye motoci, ya rubuta rana da lokaci da adireshi, ya sa hannu. Washegari da safe na kai takardar kotu, aka buga mata hatimi, ƙirgen kwana 20 ya fara daga washegarin ranar da aka miƙa masa.