Yadda muka saka Zabura ta 42 a muryar daka

Mu ashirin da biyu ne a zumuntar mata ta majami'armu, a nan Damagaram, amma waɗanda ke iya buɗe Littafi Mai Tsarki su karanta da kansu ba su wuce bakwai ba. Sauran ba su yi lakwal ba, kunne ne littafinsu. Da aka ɗora mini jagorancin nazarin ranar Talata, sai na riƙa karanta sura ina bayani kamar yadda na ga fasto yana yi. Kafin in kai rabi, wata tana gyangyaɗi, wata tana lallashin goyo. Ban ga laifinsu ba. A watan Afrilu, mace ta kwana a layin famfo tana jiran ruwa ya zo, ta yaya za ta zauna ta bi dogon bayani?

Abin da ya buɗe mini ido shi ne Zabura ta 136. Ayoyinta 26 ne, kowace kuwa tana ƙarewa da magana guda, cewa ƙaunar Ubangiji madawwamiya ce. Ina cikin karantawa sai na ji matan sun fara karɓa da kansu, ba wanda ya ce su yi. Ashe amshi ne, irin wanda muke yi wajen daka ko ranar biki: ɗaya ta ba da waƙa, saura su karɓa. Mun daɗe muna karanta Zabura kamar wasiƙa, alhali don rerawa aka tsara duka 150 ɗin.

Daga nan na ɗauko ta 42, ta 'ya'yan Kora, mawaƙan ɗakin Allah, wadda ta buɗe da barewa mai marmarin ruwan rafi. Wannan ba sai an fassara wa Badamagare ba. Na nemo wata murya da mahaifiyata ke daka da ita, na daidaita kalmomin, muka sa tulu da caki. Ita ma tana da nata amshin, inda mawaƙin ke tambayar ransa dalilin karaya, ya ce masa ya sa zuciya ga Allah. Yana aya ta 5 da ta 11, ya sake fitowa a ƙarshen Zabura ta 43. Masu riƙe da fassarar Faransanci sukan ga lambar ta gota da ɗaya, don can ana ƙirga kan magana a matsayin aya, har mun taɓa ɗan musu a kan haka kafin mu gane.

Kuskuren da na yi kuwa, na yanke tsakiyar. Na cire inda ya ce hawaye ne abincinsa dare da rana, na cire inda mutane ke masa gori suna tambaya ina Allahnsa, da inda shi kansa ya tambayi Allah don me ya manta da shi. A ganina waƙar sujada ta sa farin ciki, matan nan kuma damuwarsu ta ishe su.

Bayan mun tashi, wata dattijuwa da duk muke kira Inna ta riƙe mini gefen zane. Ba ta karatu, amma mijinta marigayi ya sha karanta mata wannan Zabura.

"Ɗiyata, ina kika kai hawayen?"

Na ce, "Inna, na ga kamar zai yi wa mutane nauyi."

Ta ce, "Wanda bai faɗi ƙishinsa ba, wa zai miƙa masa moɗa? Mayar da su."

Ta tuna mini watan Janairu na 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a garin nan, muka yi makonni muna sujada a tsakar gida, benci da littattafan waƙa duk sun zama toka. Ta ce ayar da ta riƙe ta a kwanakin nan ita ce ta 4, inda mawaƙin ke tuna yadda dā yake shiga ɗakin Allah cikin taro da sowa. Kunya ta kama ni ƙwarai, domin ita ma na cire ta.

Talatar da ta biyo baya muka rera ta cikakkiya. Na rage saurin tulun, Inna ta ba da baitocin kuka da muryarta mai rawa, mu muna karɓa. Wata matashiya da ta rasa ɗanta da damina ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna motsi, amma duk sa'ad da amshi ya zagayo bakinta yana ciki. Ranar ban yi bayani ko ɗaya ba. Tambayoyi ne suka fito daga wurinsu, har wata ta ce, ashe ya halatta mutum ya tambayi Allah don me? Muka kai magariba a kan wannan.

Yanzu ba na ɗaukar fiye da aya huɗu a mako, kuma ba na taɓa ko kalma don murya ta zauna. In ba ta zauna ba, muryar nake canzawa. Mun gama ta 23 da ta 121, muna kan waƙar Maryamu a Luka sura 1. Shekaranjiya wajen ƙarfe uku na dare, ina layin famfo da jarkoki biyu, na jiyo wata a gabana tana rera amshin ta 42 ƙasa-ƙasa, tana buga gefen bokiti da yatsa. Ruwan bai zo ba sai da asuba.