Saita sabar ko-ta-kwana a Postfix

Idan Postfix, manhajar sabar da ke aikawa da karɓar imel, ta kasa miƙa imel, ajiye shi take a layin jira ta riƙa sake gwadawa, tazarar na ƙaruwa daga daƙiƙa 300 zuwa 4000, sai an kai kwana 5 ta mayar wa mai saƙon. Ga sabar da ke fitar da saƙonni masu yawa, waɗanda suka maƙale kan tare wa sababbi hanya. Maganin shi ne a tura su ga wata sabar ta daban, wato sabar ko-ta-kwana. Layi ɗaya ne a main.cf, babban fayil ɗin saitin Postfix:

smtp_fallback_relay = [madadi.example.com]:587

Sai a buga postfix reload. Alamun nan biyu da suka kewaye sunan suna hana Postfix neman MX (rikodin DNS da ke nuna sabar da ke karɓar imel ɗin yanki), ta nufi sabar kai tsaye. Kafin siga ta 2.3 sunan saitin fallback_relay ne, kuma har yau ana cin karo da shi a tsofaffin fayiloli.

Ba kowace gazawa ce ke kai saƙo can ba. Sai idan ba a samu sabar da aka nufa ba, ko ta ƙi amsawa cikin daƙiƙa 30, ko ta ba da amsar wucin gadi irin 450 da 451. Amsar 550 kuwa hukunci ne, saƙon komawa yake ga mai shi.

Abin da ya fi damuna a wannan aiki shi ne izini. Dole sabar ko-ta-kwana ta yarda ta karɓi saƙo daga gare ka ta wuce da shi: ko adireshin IP ɗinka na cikin mynetworks ɗinta (jerin adireshin da ta amince da su), ko ka shiga da SASL (wato da suna da kalmar sirri). In ba haka ba, tana iya amsawa da 554, saƙon da a da zai jira cikin aminci ya dawo nan take. Garin neman gira an rasa ido ke nan. In SASL ka zaɓa, kunna smtp_sasl_auth_enable, ka rubuta sunan sabar a fayil ɗin kalmar sirri daidai yadda yake a main.cf, har da alamun da lambar tashar 587, sannan ka buga postmap a kan fayil ɗin don Postfix ta iya karanta shi. Bambancin harafi ɗaya ya isa ya sa Postfix ta je ba tare da kalmar sirri ba.

Kada a manta da SPF, rikodin da ke lissafa sabobin da aka yarda su aika imel da sunan yankinka. Saƙon zai fita ne da IP na sabar ta biyu, kuma in ba ya cikin rikodin yankinka, masu karɓa irin Gmail za su yi zarginsa.

Gwada kafin ranar buƙata. Toshe tashar 25, wadda imel ke bi tsakanin sabobi, zuwa sabar gwaji ɗaya da iptables (manhajar toshe hanyoyin sadarwa a Linux), aika saƙo, ka duba /var/log/mail.log. Kana neman layin da relay= ke ɗauke da sunan madadin, a ƙarshensa status=sent. In deferred ka gani, dalilin na nan rubuce a gefensa.