Kwamfuta ta ƙi tashi bayan ristat: kada ka yi saurin fomat

Yawancin kwamfutocin tebur da ke shagunan buga takardu a Nima da Mamobi da Sabon Zongo, a Ankara ta Ghana, kwance ne, Dell OptiPlex ko HP da suka gama aiki a ofisoshin Amurka da Ingila kafin su sauka tashar jirgin ruwa ta Tema. Sukan yi ta aiki lafiya har ranar da aka yi musu ristat, sai su ƙi dawowa. Sau da yawa ciwon ya daɗe a jiki. Tun daga Windows 8, kashe kwamfuta ba ya kashe ta gaba ɗaya, takan adana wani ɓangare na aikinta a had disik don ta tashi da sauri. Ristat ne ke sa ta faro komai daga tushe, kuma a lokacin ne sabuntawar Windows ke ƙarasa shiga. Don haka ka fara lura da inda ta tsaya.

In babu fitila, babu ƙarar fanka, matsalar ta wuta ce. Filoginmu mai ƙafa uku yana da fis a ciki wanda kan ƙone, to ka ara wayar monita ka gwada, ka kuma sa ta kai tsaye a soket ɗin bango. In shiru, zare wayar, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, ka mayar. Wannan kaɗai yakan tayar da wadda dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya ruɗa. Fawa sufilai, akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta, mai filogin fil 24 ana gwada shi ne a zare shi daga madabod, babban faifan da komai ke jone da shi, a haɗa koriyar waya da baƙa, a jona wuta, a auna da mita: rawaya ta ba da volt 12, ja 5, ruwan lemo 3.3. Rawaya ta sauka ƙasa da 11.4, ya gaji. Ƙananan Dell da HP na baya-bayan nan filoginsu daban ne, kada ka yi musu wannan gwajin, kuma in za ka sayo wani fawa sufilai a kasuwar Circle ka tafi da tsohon a hannu. Shi kansa akwatin fawa sufilai ba a buɗe shi, yana riƙe wuta ko an zare shi.

Fanka na juyawa amma allo baƙi, ko tana ƙara ɗit-ɗit? RAM, siririn faifan ƙwaƙwalwa da ke dashe a madabod, shi ne wanda ake fara tuhuma. Ƙurar hunturu da danshin teku na Ankara suna ɓata bakinsa mai ruwan zinariya. Zare wuta, taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar, ciro RAM ɗin, goge bakin da abin goge fensir, ka mayar har ƙugiyoyin su kama. In biyu ne, gwada su ɗaya-ɗaya.

Inda aka fi cutar mutane shi ne idan tambarin Dell ko HP ya fito, sannan ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, ko ta nuna shuɗin allo. Nan wasu masu gyara ke cewa disik ya mutu ko sai an yi fomat, wato a goge komai a sake sa Windows. Tukuna. A kan madabod akwai ƙaramin batir mai kama da kwabo, CR2032, volt 3, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato tsarin da kwamfuta ke fara tashi da shi kafin Windows. Muddin kwamfutar na jone da wuta ba za ka san ya mutu ba. Ranar da aka ɗauke wuta sai saitin ya koma na kamfani, kuma na kamfani ba lallai ya dace da yadda aka sa Windows ɗinka ba. Shiga BIOS da danna maɓalli da zarar ka kunna, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo, ka dubi kwanan wata. Ka ga shekarar ta koma baya, to ka kama ɓarawon. Canza batir, gyara agogo, sannan ka duba abu biyu: saitin disik mai suna SATA yana kan AHCI ko RAID, tashin kuma UEFI ne ko Legacy. Sauya ɗaya, gwada, in bai yi ba mayar da shi kafin ka taɓa na biyun. Ka kuma zare duk filashin da ke jiki. In sunan disik bai fito a BIOS ba sam, sake dasa wayoyinsa biyu. Wanda ke ƙas-ƙas kuwa a kashe shi nan take, kowane kunnawa ƙara lalata shi yake yi.

In ɗigogin Windows ne ke ta juyawa babu ƙarshe, musamman in wuta ta tafi ana tsakiyar sabuntawa, ba ta kamar awa ɗaya. Bayan haka kashe ta da maɓalli da zarar tambarin Windows ya bayyana, sau biyu ko uku a jere, shafin gyara zai buɗe da kansa. A nan akwai zaɓin cire sabuntawa ta ƙarshe, kuma ba ya taɓa fayilolinka. Wata za ta nemi mabuɗin BitLocker, makullin disik na Windows, mai lamba 48, yawanci yana cikin asusun Microsoft da aka shiga da shi. Duk wannan bai yi ba, a ciro disik, a jona shi a wata kwamfutar, a kwashe aikin kwastomomi da hotuna, sannan a yi maganar fomat.