Abin da Baffa ya so faɗa

A hunturun da ya wuce, likita ya kira mu gefe ya ce ciwon hantar Baffa ya wuce inda magani zai kai, don haka muka dawo da shi ƙauyenmu da ke yankin Ringim, muka kwantar da shi a ɗakinsa. Kwana 19 ya yi, kuma a cikinsu ne na gane cewa jinyar wanda ba a sa ran tashinsa aiki ne mai zaman kansa.

Hidimar jiki ba ta ba mu wahala ba. Wata ma'aikaciyar lafiya ta nuna mana yadda za mu riƙa juya shi duk bayan awa 2 saboda gudun gyambon kwanciya, mu jiƙa auduga mu goga masa a leɓe, mu shafa masa man kaɗanya a ƙafafu. Ta kuma hana mu ɗura masa kunu da ƙarfi, domin wanda jikinsa ya daina karɓar abinci yana iya ƙwarewa. Wannan ya yi wa matan gida nauyi, don a wurinsu ajiye ludayi tamkar sallamawa ne.

Inda muka gaza shi ne wajen saurare. 'Yan dubiya kan cika ɗaki tun hantsi, kowa da "ya jiki", shi kuma yana amsa "da sauƙi" alhali babu sauƙin. Sau uku ya fara cewa yana da magana, kuma duk lokacin sai wani ya tare shi da cewa, "Haba Baffa, ku daina irin wannan zance, za ku tashi." Ni ma na faɗa, kuma yanzu ina ganin tsoronmu muke lallashi, ba nasa ba. Cicely Saunders, likitar Ingila da ta buɗe gidan kula da masu jinyar ajali na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa zafin da irin wannan majinyaci ke ji ya haɗa da na jiki da na zuciya da damuwar iyali da ta ruhi. Mu na jiki kaɗai muka gani.

Goggo, ƙanwarsa, ita ce ta sallami kowa wata la'asar, ta ja tabarma kusa da katifarsa ta ce, "Yaya, ina jin ka." Ashe buhu 2 na gero ne da ya ranta a wurin wani maƙwabci shekarun baya ba tare da shaida ba, sai kuma wani ɗan'uwa da suka daina gaisawa saboda iyakar gona. Kafin magariba an auna geron an kai, washegari kuma ɗan'uwan ya zo suka yafe wa juna. A daren ne Baffa ya yi barcin da bai samu ba tun dawowarmu.

Da gargara ta zo, liman ya tuna mana abin da ke cikin littafin fiƙihu na Risala, wato a fuskantar da shi alƙibla a laƙƙana masa kalmar shahada, ya kuma ja kunnenmu kada mu matsa masa da "faɗi, faɗi". Goggo ta riƙe hannunsa, ta furta kalmar a hankali kusa da kunnensa, leɓensa ya motsa, sai ta yi shiru.