Rana ta bakwai a Hanyar Sarki

Agogon hannuna ne ya tashe ni ƙarfe 4:30. Da na zuge bakin tanti sai na tarar da gari fayau kamar hantsi, tsuntsaye na ta kuka, tafkin Kaitumjaure kwance a ƙasanmu ko motsi ba ya yi. Tun da muka sauka daga jirgin ƙasa a Abisko ban ƙara ganin duhu ba. A wannan yanki na arewacin Suwidin, daga ƙarshen watan Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa. Zagaye kawai take yi a sama, ta ɓuya bayan dutse na ɗan lokaci, ta sake leƙowa.

Kafin in taso, abin da ya fi damuna ke nan, ba nauyin kaya ba. Ina asuba in babu alfijir? Na tambayi limamin masallacin da nake zuwa Juma'a, ya tuna mini hadisin nan da ya yi maganar ranar da za ta yi tsawon shekara guda, inda aka umarci sahabbai su ƙaddara lokutan salla. Ya ce malamai sun ba da hanya biyu: ko mutum ya bi lokacin gari mafi kusa da ake samun dare da rana, ko ya bi na Makka. Na zaɓi na Makka, na rubuta lokutan a bangon littafin nan. Na gangara bakin rafi na yi alwala. Ruwan daga dusar ƙanƙara yake narkowa, kafin in kai ga wanke ƙafa yatsun hannuna sun sandare. Na fito da kamfas. A gida idan aka ce fuskanci gabas, an gama magana. A nan alƙibla kudu take, ta ɗan karkata gabas, kuma har yau jikina bai daina juyawa wajen fitowar rana da kansa ba, ko da yake ranar ba fitowa take yi ba.

Sunan hanyar da muke bi a ƙafa Kungsleden, wato Hanyar Sarki. Tsawonta ya kai kilomita 440, daga Abisko zuwa Hemavan. Mun cinye sama da 80 a kwana shida, mun kuma wuce wuri mafi tsayi a hanyar, mashigar Tjäktja mai mita 1,150, inda muka taka dusar ƙanƙara a watan Yuli, lokacin da a Katsina gero ya fara rufe ƙasa. Mu biyu ne, ni da abokin karatuna, ɗan ƙasar, wanda tun yana yaro mahaifinsa ke kawo shi duwatsun nan.

Safiya a tafiya irin wannan ba ta canzawa, kuma na fara jin daɗin hakan. A kunna ɗan rishon gas, a dafa ruwa, a dama kunun ots da garin madara, in yanka dabino uku a ciki. A girgiza raɓar da ke jikin tanti, a naɗe buhun barci, a shirya jakar goyo yadda masu nauyi za su kwanta jikin baya. Tawa kilo 16 ce ranar da muka taso, yanzu abinci ya ragu ta ɗan yi sauƙi. Daga nan sai hidimar ƙafa, wadda ta fi komai cin lokaci. Diddigena na hagu ya yi bororo tun rana ta uku, ya fashe, yanzu kullum sai na goge shi, in manna filasta, in sa safar da ta fi bushewa cikin biyun da nake da su. Na ce ta fi bushewa, don busasshiya sarai babu ita.

Mun biya ta ɗakunan matafiya na Kaitumjaure don ƙara guzuri. Ƙungiyar yawon buɗe ido ta ƙasar, STF, wadda aka kafa a 1885, ita ke da ɗakunan nan a wannan ɓangare na hanya, kusan duk tafiyar yini guda akwai ɗaya. Babu wutar lantarki, babu famfo. Wanda ya kwana shi zai ɗebo ruwa a bokiti daga rafi, ya faskara itacen da na bayansa zai hura, ya share ɗaki kafin ya wuce. Masu kula da su 'yan sa kai ne. A ɗan kantin na daɗe ina juya gwangwani ina karanta abin da ke ciki, don kalmar farko da na haddace a harshensu ita ce sunan alade. Na sayi kifin gwangwani, taliya, da busasshen burodin nan nasu mai ƙaras-ƙaras da ba ya lalacewa.

Daga nan zuwa tafkin Teusajaure kilomita 9 ne. Mun tsallaka gada a kan kogi mai ruri, muka bi ta cikin gajerun itatuwa masu farin ɓawo. Duk inda ƙasa ke da damshi an shimfiɗa katako biyu a jere, mutum ya bi ta kai, ƙafarsa ta tsira, tsirrai ma su tsira. Alamar hanya jan fenti ne a jikin tarin duwatsu. Akwai kuma dogayen sanduna masu jan gicciye, waɗannan na masu tafiyar hunturu ne, wanda ya bi su a wannan lokaci zai iya tsintar kansa cikin fadama.

Sauro kuwa, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba, ni da na tashi a inda ake kwana cikin gidan sauro. Ba ya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro, wannan kam alhamdu lillahi, amma yawansa ya isa. Da ka tsaya ɗaure igiyar takalmi sai ya rufe ka ruf. Akwai ragar da ake sawa a ka, ta rufe fuska har wuya, da ita muka yi tafiyar cikin itatuwa. Sai da muka hau tudu, iska ta fara kaɗawa, sannan muka samu sa'ida.

A kan tudun ne muka haɗu da garken barewar nan mai ƙaho kamar rassan itace, ta mutanen Sami, 'yan asalin yankin. Sun kai talatin, da 'ya'yansu na bana suna bin iyaye. Abokina ya yi mini alama in zauna, muka zauna shiru har suka wuce. Ya ce ba namun daji ba ne, kowace tana da mai ita, kuma a wannan lokaci ne makiyayan ke tara su suna yi wa 'yan ƙanana shaida a kunne da wuƙa, kowa da irin yankansa. Ya ƙara da cewa rashin ladabi ne ka tambayi makiyayin Sami yawan dabbobinsa. Nan take na tuna Fulanin da ke sauka a gonar kakana bayan girbi. Wa ya isa ya tambayi Baffa shanunsa nawa? Nisan da ke tsakanin wuraren nan biyu ya wuce misali, amma kunyar makiyayi iri ɗaya ce.

Gangarar Teusajaure tana da tsauri, gwiwa ce ke shan wahala. Ruwa na zubowa daga kan dutse a bayan ɗakunan, ƙararsa ta cika wurin. A nan hanya ta ƙare a bakin tafki, ta ci gaba a wancan ƙetaren, tsakani kuwa ruwa ne na kusan kilomita 1. Mai kula da ɗakunan yana tsallakar da mutane da jirgi mai inji safe da yamma, a biya shi. Na safe ya wuce mu, na yamma da saura. Sai jiragen tuƙi da hannu, waɗanda kyauta ne, amma suna da doka. Guda uku ne, kuma dole a bar aƙalla ɗaya a kowane gefe. Wanda ya tarar da biyu ya yi sa'a, ya ɗauki ɗaya ya wuce abinsa. Wanda ya tarar da ɗaya kuwa, sai ya tuƙa zuwa can, ya ɗauro wani ya jawo shi nan, sannan ya sake komawa. Tsallaka uku ke nan.

Ɗaya muka tarar.

Na yi kasaru, na haɗa azahar da la'asar a kan wani faffaɗan dutse, muka sa rigunan ceto, muka loda jakunkuna. Ban taɓa tuƙa jirgi ba, iyo ma a nan ƙasar na koya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne zaman. Masu kwalekwale a gida suna fuskantar inda za su. Wannan kuwa baya kake ba wa inda ka nufa, filafili biyu a hannu, kana kallon inda ka baro. Abokina ya ce in zaɓi wani dutse a gaɓar da muka bari, in tsare shi da ido, muddin yana daidai da tsakiyar jirgi to muna kan hanya. Shi ya yi rabin farko, ya ba ni. Hannuna na dama ya fi ƙarfi, jirgin ya dinga karkata, filafili na tsalle a saman ruwa maimakon ya nutse. Na tsoma yatsa a tafkin sau ɗaya, sanyin ya sa na gane wanda ya faɗa ciki ba shi da lokaci mai yawa. Daga nan bakina bai daina hasbunallahu ba.

Da muka isa, ga jirage biyun can an ja su kan gaɓa. Na zauna ina haki, na kalli nisan da muka yi, na ce masa, "Malam, yanzu sai mun koma? Ai ba za a rasa masu zuwa daga kudu ba, su za su mayar. Ga mai inji kuma da yamma."

Bai yi mini wa'azi ba. Cewa ya yi, "In ba su zo ba fa?" Ya ci gaba da kwance igiya.

Kunya ta kama ni, kuma har yanzu da nake rubutu ban gama jin ta ba. Babu mai tsaron jiragen nan, babu mai rubuta suna, babu wanda zai taɓa sanin mun wuce. Abin da ya sa muka samu jirgi a gaɓar arewa yau shi ne wani da ba mu sani ba ya gaji kamar yadda muka gaji, ya kuma koma. A ƙofar gidanmu akwai randar da Inna ke cikawa kullum da safe, da moɗa a kan murfi, don masu wucewa. Shekara da shekaru ban taɓa jin ta tambayi wa ya sha ba. Ni da na tashi ina ɗebo ruwan randar nan, ni ne yau nake neman hanyar zillewa.

Muka sauke kaya, muka ɗaure jirgi na biyu a bayan namu. Komawar ta fi wuya. Iska ta taso tana bi ta tsawon tafkin, tana bugun mu a gefe, jirgin da muke ja kuma duk sanda ya fizgi igiya sai namu ya tsaya cak. Muka raba filafilin, kowa ɗaya, yana ƙirga mana da harshensu ina amsawa da Hausa, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, har hannuwanmu suka daidaita. Mun tarar da gaɓar arewa ba kowa. Muka ja jirgin sama sosai yadda igiyar ruwa ba za ta ɗauke shi ba, muka kwashe ruwan da ya shiga ciki, muka jera filafilinsa. Tsallaka ta uku ni na roƙa a bar mini ita gaba ɗaya. Ta ɗauke ni lokaci, amma jirgin ya tafi sak. Duka-duka mun yi kusan awa biyu a kan ruwan.

Wancan ƙetaren farkon gandun dajin Stora Sjöfallet ne, ɗaya daga cikin waɗanda aka keɓe tun 1909. Hawa ne tun daga bakin ruwa. Mun yi ta hawa har itatuwa suka ƙare, muka samu wuri mai iska kusa da wani ɗan rafi, muka kafa tanti. Ba a neman izini, ƙasar ta ba kowa damar ya ratsa daji ya kwana, bisa sharaɗin kada ya dami kowa, kada ya ɓata komai. Ruwan rafin muke sha kai tsaye.

Bakwai da 'yan mintuna na yi magariba, rana na haska mini gefen fuska, inuwata a miƙe kan ciyawa. Kwanakin farko zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, ina jin kamar na yi gaggawa. Yau na tayar da kabbara ban duba sama ba.

Abincin dare taliya ce da kifi, na barbaɗa yajin da Inna ta aiko mini. Abokina ya saba da shi, yanzu da kansa yake miƙo kwano. Na jiƙa garin kwaki da sukari na farfasa ƙuli-ƙuli a kai, wannan kam ni kaɗai nake sha. Ranar da na gaya wa Inna zan yi tafiyar nan, shiru ta yi, sannan ta ce, "Ɗan nan, mota ce babu a ƙasar?" Na ce akwai. Ta ce kakanninta da ƙafa suka je Gwanja, amma su goro suke ɗaukowa, ni me zan ɗauko? Ta dai sa mini albarka. Kwana bakwai ke nan ba ta ji muryata ba, don tun bayan Abisko wayar ta zama agogo kawai.

Yanzu goma ta wuce, ina rubutu ba tare da fitila ba. Tafukan hannuna sun yi bororo huɗu, biro ma da ƙyar nake riƙe shi. Filasta saura shida, sai na raba tsakanin hannu da diddige. Gobe in Allah ya kai mu za mu gangara Vakkotavare, inda hanya ke faɗawa kan titin mota, a can nake sa ran samun sabis in kira gida. Na rataye safa a igiyar tanti ko iska za ta yi mata wani abu kafin asuba.