Kalma ɗaya, dakatarwar mako biyu

Jiya na miƙa makullin durowa da katin shaida, bayan shekara bakwai a teburin fassara na ɗakin labarai. Waɗanda muka yi aikin dare tare sun san da abin da zan fara.

Saura minti ashirin a shiga labaran ƙarfe bakwai aka jefo mini rahoton wakilinmu, da Turanci kamar yadda ya saba aikowa. A sakin layi na uku ya ce bayan an tashi taro, kwamishina ya ba 'yan jarida wasu titbits a kan kasafin kuɗin da ke tafe. Ban taɓa cin karo da kalmar ba. Na jawo ƙamus ɗin nan mai yagaggen bango, na ga ma'anar farko: ɗan guntun abinci mai daɗi. Ban sauke ido zuwa layi na biyu ba. Sai na rubuta cewa kwamishina ya raba wa 'yan jarida ɗan abin taɓawa a kan batun kasafin kuɗi. Edita ya karɓa, ya bi takardar da jan biro, ya gyara waƙafi biyu, ya sa hannu a ƙasa. Mai karanta labarai ya shiga da ita.

Kowa ya san yadda kunnen Bahaushe zai ɗauki wannan jimla. In aka ce abin taɓawa ya fito daga hannun kwamishina zuwa na ɗan jarida, ba wanda zai kawo cincin da lemo a ransa, ambulan za a kawo. Kafin a kai labarin wasanni wayar manaja ta fara ruri. Wakilin namu ma ya kira, muryarsa na rawa, ya ce na zubar masa da mutunci a gaban abokan aikinsa, kuma gaskiya ya faɗa.

Laifina ban taɓa musunsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zaman washegari. Manaja ya tambayi wanda ya duba labarin, edita ya ce shi takardar ba ta biyo ta teburinsa ba. Na ce, "Yallaɓai, ai a gabana ka sa hannu." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, iya bakinka." Aka aika a ɗauko fayil ɗin daren, aka tarar duk takardun suna nan ban da ita. Mutum huɗu ne a ɗakin lokacin da ya sa hannun, ba wanda ya ɗago kai. An dakatar da ni mako biyu ba albashi, a watan biyan kuɗin makaranta, aka karanta neman afuwa sau uku ana cewa kuskuren mai fassara ne.

A mako biyun nan na zauna na bi kalmar har gida. Ashe Turawa sun daɗe suna auna labari da loma. Mutanen Ingila na rubuta titbit, na Amurka tidbit, kuma tun 1881 George Newnes ya kafa mujalla mai suna Tit-Bits, wadda aikinta tattaro gajerun bayanai masu daɗin karantawa daga littattafai da jaridu. Kalmar morsel daga cizo ta samo asali a Latin, ana faɗarta ga loma, ana faɗarta ga ɗan guntun zance. Ita nugget curin zinariya ce, ita ce ƙullin naman kaza da ake soyawa, ita ce kuma bayani ɗan ƙil mai daraja. Crumb ɓarɓashin burodi ne, amma in ɗan jarida ya ce shi aka ba shi, yana nufin an tsakura masa abin da bai taka kara ya karya ba. Muryar nan ta daƙiƙa goma sha biyar da muke yankowa kullum, sound bite, cizo ne a cikin sunanta. Har kwamfuta ba ta tsira ba: a 1956 Werner Buchholz na kamfanin IBM ya ƙirƙiro byte, wato ma'aunin bayanai a kwamfuta, daga kalmar cizo, ya canja harafi ɗaya don kada a rikita ta da bit, ma'auni mafi ƙanƙanta, rabin byte kuma ake ce masa nibble, wato ɗan gatsa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da na gane Hausa ma haka take yi, kuma a bakina yake tun ina yaro. Muna cewa gutsuri-tsoma, ba wanda ke neman kwanon miya. Muna cewa somin taɓi. Muna cewa wane ya ɗan gutsura mini abin da aka tattauna. Da na rubuta cewa kwamishina ya ɗan gutsura wa 'yan jarida abin da kasafin ya ƙunsa, da ma'anar ta fito, da lomar da ke cikin Turancin ma ba ta ɓace ba. Ƙamus na tambaya a daren, ban tambayi jimlar ba, alhali kasafin kuɗi na zaune kusa da kalmar yana nuna mini ba maganar ciki ake ba.

Sauran abin da na koya gajere ne. A karanta ma'ana ta biyu da ta uku. A kira wakili, minti ɗaya ne. Duk takardar da aka sa wa hannu a ɗauki hotonta a waya kafin ta bar teburi.

Tun daga dawowata na buɗe littafin rubutu mai bango baƙi, ina zuba irin waɗannan kalmomi da jimlar da na tsince su a ciki da Hausar da ta zauna musu. Shekara biyar ke nan ba a sake karanta gyara a kan aikina ba, kuma shi kansa editan, in ya maƙale, ɗan aike yake turowa a duba masa littafin. Na bar wa yarinyar da aka ɗauka bana, na nuna mata shafin farko, na ba ta labarinsa duka har da batun fayil.

Da na shiga ofishin editan sallama ya ce Allah ya ba da sa'a, na ce amin. Bai tayar da maganar takardar ba, ni ma ban ce na yafe ba.