Adireshi ya ce haya, gida kuma na sayarwa ne

Alhaji dillalin gidaje da filaye ne, ofishinsa yana saman wani bene a titin Ahmadu Bello a Kaduna, kuma shekara da shekaru babban littafi da waya su ne kayan aikinsa. 'Ya'yansa ne suka matsa masa lamba sai an buɗe masa shafin intanet. Aikin ya faɗo hannuna ne don autansa abokina ne tun muna Kadpoly.

Da WordPress na gina, wato manhajar gina shafukan intanet, shi hannuna ya saba da shi. Tun farko na san gidaje ba za su zauna cikin nau'in rubutun labarai na WordPress ba, domin gida yana da kayansa: yawan ɗakuna, unguwa, kuɗi, ko akwai rijiya ko burtsatse, ko mai takardar C of O ne. Tun fitowa ta 3.0 a 2010 WordPress ya ba da damar mutum ya ƙirƙiri nasa nau'in rubutu, ban da labari da shafi da yake zuwa da su. Na kira register_post_type, umarnin da ke ƙirƙirar sabon nau'i, na sa wa nau'in suna "gida", a wurin rewrite kuma na ba shi slug "gidaje", wato guntun sunan da ke fitowa a adireshin shafi na intanet, linki ke nan. Na saka gida na farko, wani mai ɗaki uku a Malali, na danna don in gani. Sai 404, wato ba a sami shafin ba.

Na kusa cinye awa guda ina tono kuskure a kod ɗin da ba shi da laifi. Ashe WordPress ba ya sake lissafa dokokin adireshi duk lokacin da aka buɗe shafi. Jerin dokokin yana ajiye a rumbun bayanai, da shi yake gwada duk adireshin da ya shigo, kuma wannan jerin bai san an haifi wani abu mai suna gidaje ba. Maganin bai wuce a shiga Settings, a buɗe Permalinks, a danna adanawa ba tare da an taɓa komai ba. Da na gane haka sai na yi wayon banza, na liƙa flush_rewrite_rules, umarnin da ke sake lissafa dokokin, a wurin da zai riƙa gudana a kowace buɗewa, wai don kada in sake mantawa. Shafin ya yi nauyi, ga sabar tamu ta araha ce, ga data ɗin masu dubawa ba ta wasa ba ce. Aiki ne da ya kamata a yi sau ɗaya, lokacin da aka kunna fulogin, wato ƙarin kod ɗin da na haɗa wa WordPress. Can na mayar da shi.

Biyu suka biyo baya, ba su ci mini lokaci sosai ba. Labaran ofis na riga na ajiye su a ƙarƙashin /labarai/, sai ga adireshin gida ya fito /labarai/gidaje/, kamar gidan wani labari ne. With_front, saitin da ke liƙa /labarai/ ɗin a gaba, na mayar false, wato na kashe shi, ya daidaita. Sannan wani shafi da na rubuta da hannu mai suna "Gidaje", da bayanin yadda ake biyan la'ada, ya ɓace ɓat, saboda jerin gidajen da saitin has_archive ke samarwa da kansa ya kama adireshi iri ɗaya, kuma shi ke yin nasara. Na sake wa shafin suna.

Inda Hausarmu ta shigo shi ne ya fi ba ni mamaki. Yarinyar da ke shigar da gidaje a ofis tana rubutu da haruffa masu ƙugiya, kuma daidai take yi. Ta rubuta "Ɗaki biyu da falo a Ƙawo". A burauza adireshin ya fito lafiya lau. Amma da aka kwafe shi zuwa WhatsApp sai ɗ ta rikiɗe ta zama %c9%97, ƙ ta zama %c6%99. WordPress ya san yadda zai sauke é ta Faransanci ta koma e, amma ƙ da ɗ da ɓ bai sauke mini su ba, sai dai ya mayar da su lambobi irin yadda intanet ke ɗaukar baƙin harafi. Linkin yana aiki, amma kowa ya gan shi sai ya ɗauka na 'yan damfara ne, kuma a garin da ake rubuta "ba na sayarwa ba ne" a jikin katanga saboda 'yan 419, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na rubuta ɗan kod da ke musanya ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, ƴ da y kafin a ƙera slug. Kan rubutun yana nan da ƙugiyarsa, adireshi ne kawai ke tafiya ba ita. (Ƙawo ma, da muka duba, Kawo ce ba ƙugiya, wannan gardama ce ta daban da muka sha a ofis.)

Duk waɗannan kurakuran hannu ne. Wanda ya fi su girma na tunani ne, kuma ni da Alhaji muka yi tarayya a cikinsa.

Ranar da na nuna masa aikin, ya gyara tabarau ya kalli adireshin ya ce, "Ɗana, mutum in ya ga wannan a waya, ta ina zai san haya ne ko sayarwa? Mutanenmu ba sa son ɓata data. Ka sa musu tun daga waje."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mai sauƙi ne."

Ba mai sauƙi ba ne, amma na yi. Na ƙirƙiri rukuni mai suna ciniki, da kalmomi biyu, haya da sayarwa. Slug ɗin ya koma gidaje/%ciniki%, sannan na kama post_type_link, wato wurin da WordPress ke bi da kowane linki kafin ya fitar da shi, na ce duk inda ka ga %ciniki% ka cire ka sa abin da aka zaɓa wa gidan. Dole na rubuta wa has_archive "gidaje" ƙarara, in ba haka ba jerin gidajen ma zai gaji wannan alamar. Gidan da aka manta ba a zaɓa masa komai ba kuwa, linkinsa kan fito da %ciniki% ɗin tsirara, ba ya buɗewa, sai da na tanadi abin da za a cike gurbin da shi. A ƙarshe muka samu /gidaje/haya/daki-uku-malali/. Alhaji ya ji daɗi, ni ma har da ɗan ɗaga kafaɗa.

Bayan wata biyu ko uku mai gidan Malali ya sauya ra'ayi, ya ce ya gaji da 'yan haya, sayarwa zai yi. Yarinyar ofis ta yi abin da na koya mata, ta cire haya ta zaɓi sayarwa. Sabon linki ya fito daidai. Amma tsohon ya riga ya zaga rukunonin WhatsApp na dillalai daga Barnawa har Rigasa, kowa ya tura wa nasa. Abin da ban sani ba a lokacin, idan WordPress zai buɗe gida guda, sunan da ke ƙarshen adireshi yake bi. Kalmar tsakiyar nan ba ta hana shi komai. Saboda haka tsohon linki bai mutu ba. Yana buɗewa tsaf, da "haya" a jikinsa ɓaro-ɓaro. Da ma ya mutu da ya fi mana.

Wani bawan Allah, ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki daga Zariya, ya ga linkin da hotunan, bai tsaya karanta ƙasa ba. Ya shigo mota da safe da shirin biyan kuɗin shekara. Alhaji ya ba shi haƙuri, ya biya masa kuɗin mota, sannan ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Cewa ya yi, "Malam, shekara talatin ban taɓa kiran mutum zuwa gidan da ba shi ba. Yanzu na'urarka ta fara yi mini."

Ban tuna masa cewa shi ya nema ba. Ni ne na san abin, ni ya kamata in ce a'a. Magana zarar bunu ce, linki ma haka: in ya bar hannunka ya shiga wayoyin mutane, ba ka da ikon janye shi ka gyara. Abin da ke cikin shafi kullum kana iya sauyawa. Adireshi kuwa, duk abin da ka rubuta a jikinsa kamar ka yi rantsuwa ne cewa zai tabbata haka. Na koma na duba sauran, sai na ga har kuɗi ya shiga wasu, domin yarinyar kan rubuta farashi a cikin kan rubutun, WordPress kuma daga nan yake ƙera slug. Ga gida an ƙara masa kuɗi tuni, adireshinsa yana ta shelar tsohon farashi.

Da daddare, bayan an dawo da wuta, na zauna da takarda na jera duk abin da muka sani game da gida, ina soke wanda ke iya sauyawa. Kuɗi ya tafi. Haya da sayarwa suka tafi. Sunan mai gida daman ba ya shiga. Yawan ɗakuna ma na yi shakka, don ana ƙara ɗaki a tsakar gida. Unguwa ce ta rage, tun da gida ba ya tashi ya koma wani wuri. Sabon tsari ya zama gidaje, sai unguwa, sai gajeren suna da lambar da gidan ke da ita a babban littafin Alhaji. Lambar nan ta yi mana rana: ko linki ya gutsure, mutum ya karanto ta a waya, an gane gidan.

Unguwar ma ta zo da nata. Tudun Wada akwai a Kaduna, akwai a Zariya, kuma Alhaji yana da gidaje a duka biyun. Na raba su da hannu, tudun-wada-kaduna da tudun-wada-zariya, maimakon in bar na'ura ta raba su yadda ta ga dama.

Tsofaffin linkin ne suka fi cin lokaci. Idan slug kawai ka sauya, WordPress yana riƙe tsohon, ya juya mutum zuwa sabon da kansa. Idan ma bai gane adireshi ba yakan yi cinke, ya nemi mai suna makamanci. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kai ka gidan maƙwabci. A harkar da kuskure ke sa mutum ya taso daga wani gari, ban yarda da cinke ba. Na fitar da tsofaffin adireshi gaba ɗaya, na haɗa kowane da sabonsa ta juyin 301, wanda ke gaya wa burauza da Google cewa ƙaurar ta dindindin ce. Duk mai shigowa ta /haya/ ko /sayarwa/ yanzu sai ya tsinci kansa a sabon adireshi, a saman shafin kuma da manyan baƙaƙe an rubuta halin da gidan ke ciki a yau. Gidan da aka riga aka sayar ma ba ma goge shi, sai mu rubuta an sayar, mu jera wasu na unguwar a ƙasa. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya a wayata, ba a kwamfuta ba, tun da ta waya masu neman gida ke shigowa.

Makon jiya Alhaji ya sake kirana. Akwai wani gida a bakin iyakar Badarawa da Malali, mun saka shi a Badarawa, linkinsa ya fita tun watan jiya. Mai gidan ya zo ofis yana faɗa, wai an karya masa daraja, gidansa a Malali yake.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a takardar filin me aka rubuta?"

Ya yi shiru, na ji yana buɗe littafi. Can ya ce, "Bari in aika a ɗauko takardar. Kada ka taɓa komai tukuna."